Asibiti na son riƙe satifiket ɗina kafin ya ɗauke ni aiki: me doka ta ce?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Barista. Na gama kwalejin koyon aikin jinya a bara, na kuma ci jarrabawar hukuma, amma lasisina bai fito ba tukuna. Na yi wata bakwai ina yawo da takardu, sai a makon jiya wani asibitin kuɗi a nan Kano ya ce zai ɗauke ni, bisa sharuɗɗa uku: in ajiye musu ainihin satifiket ɗina a hannunsu, in yi wata shida na gwaji ba albashi sai kuɗin mota, sannan in sa hannu cewa ba zan bar su ba sai bayan shekara uku, idan na tafi kafin nan in biya su tara. A gefe guda kuma wani mutum ya ce wa mahaifina zai sama mini gurbi a asibitin gwamnatin tarayya idan muka kawo kuɗi, har mahaifiyata tana maganar sayar da ɗan kunnenta na gwal. Ni ce babba a gidanmu, zaman ya ishe ni. Ina neman shawararka.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a karatunki, ya kuma saka wa iyayenki da alheri. Zan fara da maganar gwal ɗin mahaifiyarki, domin ita ce ba ta jira. Kada a sayar da shi, kada kuma a ba mutumin nan ko sisi.

Gurbin aikin gwamnati ba haja ba ne da doka ta yarda a saya. Idan mutumin ƙarya yake yi, abin da ya aikata damfara ce, wadda sashe na 320 na kundin Penal Code ya bayyana, kuma dokar yaƙi da zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadar wa irin wannan laifi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba. Idan kuwa da gaske jami'in gwamnati ne ko yana da hannu a ciki, to nan ma gidanku bai tsira ba, domin sashe na 9 na dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta 2000 ya sanya mai bayar da cin hanci a cikin laifi kamar mai karɓa, da hukuncin ɗaurin shekara 7. Wannan shi ne abin da ke ɗaure bakin iyalai da yawa: an cinye musu kuɗi, suna tsoron kai ƙara saboda sun san abin da suka je saye. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman a kan sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka kuma ji shaidun mutanen da suka biya kuɗi suka tashi a tutar babu. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ita ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa aƙalla biyu har tsawon mako shida. Na san sarai ana kauce wa wannan ƙa'ida ta hanyar neman sassauci, na kuma san sanayya tana aiki a ƙasar nan. Amma neman alfarma wajen wani babba ya sa miki baki daban, miƙa kuɗi daban. Idan mutumin ya matsa wa mahaifinki, a adana saƙonninsa da lambar asusun da ya turo, domin sashe na 23 na dokar ICPC ya ɗora wa wanda aka nemi cin hanci a wurinsa nauyin kai rahoto.

Sai maganar lasisi, wadda ta fi damuna a wasiƙarki duk da kin ambace ta ne a wuce. Cin jarrabawa bai mayar da ke nas a idon doka ba. Abin da ke mayar da ke nas shi ne shigar sunanki cikin rajistar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda doka mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, da kuma lasisin da take bayarwa. Wannan doka ta mayar da shi laifi mutum ya yi aikin jinya don a biya shi, ko ya kira kansa nas, alhali ba shi da rajista. Saboda haka tambayar farko da ya kamata asibiti na ƙwarai ya yi miki ita ce lambar rajistarki. Asibitin da bai damu da wannan ba, amma ya damu da ya kulle satifiket ɗinki a durowa, ya riga ya nuna miki abin da yake nema. Ki koma makarantarku ki bincika inda takardunki suka tsaya, ki karɓi duk wata shaida a rubuce da hukumar ta fitar da sunanki, kuma kafin rajistarki ta tabbata kada ki yarda a bar miki ɗakin marasa lafiya ke kaɗai, musamman a aikin dare. Ranar da aka yi kuskuren allura ko na ƙarin ruwa, mai asibiti yana da lauya, kuma abu na farko da za a ɗaga shi ne cewa ba ki da lasisi. Ko bayan lasisin ya fito, ki tsaya iyakar abin da aka koya miki aka kuma ba ki izini. A ƙananan asibitoci an saba tura sabuwar nas ta yi aikin likita idan likitan ba ya nan. Doka tana kama asibiti da laifin sakacin ma'aikacinsa, amma hakan bai wanke ma'aikacin ba, kuma kotun ladabtarwa ta NMCN tana da ikon soke sunan mutum daga rajista.

Yanzu ga sharuɗɗan nan uku.

Satifiket ɗinki dukiyarki ce. Mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin ya ga na ainihi, ya gwada shi da kwafi, ya tuntuɓi makaranta ko hukuma ya tabbatar da ingancinsa, sannan ya miƙo miki abinki. Babu dokar da ta ba shi ikon riƙe shi a matsayin jingina. Na taɓa zama da wata yarinya sa'arki a ofishina, ta zo da 'yar jakar leda cike da kwafin takardu har sun fara yagewa a wurin ninki, an kira ta tantancewa a wani aiki mafi kyau ranar Litinin, na ainihin kuwa suna kulle a ofishin mai asibitin da take wa aiki, ya ce sai ta cika shekarunta. Mun rubuta masa wasiƙa, daga baya ya sake su, amma ranar tantancewar ta riga ta wuce. Doka tana ba ki hanyar shigar da ƙara a tilasta a dawo miki da kayanki har a biya ki diyya, kuma sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta aikin tilas. Sai dai shari'a tana cin watanni, gurbin aiki kuwa kwanaki ne. Don haka a kan wannan sharaɗi ba na ba ki shawarar sassauci ko kaɗan. Ki ce musu cikin ladabi za ki kawo na ainihi su gani, ki bar musu kwafi.

Gwaji na wata shida halas ne, kusan kowane wurin aiki yana da wa'adin gwajinsa, har gwamnati. Abin da gwaji yake nufi shi ne an sauƙaƙa wa kowane ɓangare hanyar rabuwa idan ba a dace ba. Ba ya nufin aiki kyauta. Wanda aka sa wa suna a jadawalin aiki, aka ba shi lokacin shiga da na tashi, ake kuma tuhumarsa idan ya makara, ma'aikaci ne, kuma albashi haƙƙinsa ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma asibitocin unguwa da yawa suna faɗawa cikin wannan rukuni. A irin wannan wuri abin da kuka rubuta shi ne dokarku. Akwai kuma wani abin lura game da Dokar Ƙwadago. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma sashe na 91 ya fitar da masu aikin ƙwarewa daga ma'anar ma'aikaci a wannan doka, kuma lauyan asibiti zai iya cewa nas tana cikinsu. Wannan ne ya sa takardar ɗaukar aiki ta fi muhimmanci a wurinki fiye da wurin leburan kamfani. Ki nemi ta ƙunshi albashi da ranar biyansa, da awannin aiki da yawan kwanakin dare a wata, da hutun shekara da na haihuwa, da tsawon gwaji da abin da zai biyo bayansa, da kuma wa'adin sanarwa idan ɗayanku zai rabu da ɗaya. Idan da kanki kika zaɓi yin aikin sa kai don hannunki ya faɗa, wannan ra'ayinki ne, amma a rubuta cewa sa kai ne, a sa masa ranar ƙarewa, a kuma yi miki alkawarin takardar shaida a ƙarshe.

Sharaɗin shekara uku shi ne mai buƙatar a duba shi da kyau, domin ba kowace yarjejeniyar ɗaure ma'aikaci ce haramtacciya ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana tabbatar da irin wannan yarjejeniya idan mai aiki ya kashe kuɗi na gaske wajen horar da ma'aikaci, idan tsawon lokacin ya dace da abin da aka kashe, idan kuma an sa hannu da yardar rai. Gwamnatocin jihohi ma suna ɗaure ɗaliban da suka ɗauki nauyin karatunsu da irin wannan sharaɗi, kuma idan jiharki ta ɗauki nauyinki, ki koma ki karanta abin da kika sa wa hannu kafin ki ɗaure kanki da wani. To amma wannan asibiti me ya kashe a kanki? Iyayenki ne suka biya kuɗin makaranta, ke kika yi karatun. Tarar da ba ta da alaƙa da wata asara ta haƙiƙa, wadda aka sa kawai don a tsorata ma'aikaci, kotu ba ta cika tilasta biyanta ba. Duk da haka ba na son ki sa hannu da niyyar cewa kotu za ta cece ki gobe. Ki tambaye su wane horo za su tura ki, nawa ne kuɗinsa, sannan a rubuta cewa abin da za ki biya yana raguwa gwargwadon watannin da kika yi. Idan babu horo, ki nemi a cire sharaɗin a musanya shi da sanarwar wata ɗaya.

Akwai haƙƙoƙi biyu da sababbin ma'aikatan jinya ba su cika tambaya ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, a asusun fanshonsa. Ɗayan kuma ya fi kusa da aikinki na yau da kullum: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa mai aiki ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa ga asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, kuma ba a cire wannan daga albashinki. Idan allurar da aka yi wa mai ciwon hanta ta soke ki, ko kika kamu da zazzaɓin Lassa a bakin aiki, daga nan diyya take fitowa, da sharaɗin ki sanar da mai aikinki cikin kwana 14. Ki tambayi asibitin ko sun yi rajista, ki kuma tabbatar shi kansa asibitin yana da rajista da PHIMA, hukumar da ke kula da asibitocin kuɗi a Jihar Kano.

Tunda kwaleji kika yi, ki duba irin takardar da aka ba ki. Masu digirin jinya suna yin shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, kuma su da masu babbar difloma dokar NYSC ta hau kansu, har ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya nemi takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Idan kina cikinsu, yarjejeniyar shekara uku za ta yi karo da kiran hidimar ƙasa, kuma wannan kaɗai hujja ce ta ƙin sa hannu.

Abin da nake ganin ya dace ki yi shi ne ki koma asibitin tare da mahaifinki ko wani babba, ki nuna kina son aikin, ki nemi a ba ki kwafin yarjejeniyar ki tafi da ita gida kwana biyu. Wanda ya ƙi barin ki fita da takardar da yake so ki sa wa hannu, ki haƙura da aikinsa. Idan sun amince an gyara, ki karɓi kwafinki mai sa hannunsu da hatimi, ki nemi a riƙa biyanki ta banki, ki kuma riƙa ɗaukar hoton jadawalin aiki duk wata, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar saƙonnin waya da bayanan banki a kotu. Idan rigima ta taso daga baya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi bisa sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki, kuma tana da reshe a Kano. Kafin a kai can, ki yi rajista da ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma, wato NANNM, da zarar lasisi ya fito, domin wasiƙa ɗaya daga ƙungiya takan warware abin da zai ci wata shida a kotu. Idan kuɗin lauya ya gagara, ki je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da kwafin yarjejeniyar, a karanta miki ita kafin ki sa hannu.