Shin da gaske akwai saƙon Shaiɗan a waƙoƙin Petra?

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 16 ya kamu da son waƙoƙin wasu mawaƙan Amurka da ake kira Petra. Ya ce yabon Allah suke yi, amma kiɗan rok ne, jita na kuka, ganga kamar za ta rushe ɗaki. An turo mini bidiyo a WhatsApp cewa idan aka kunna irin waƙoƙin nan ta baya, Shaiɗan ake kira. Kwana biyu ban runtsa ba. In ƙwace wayar ne? Wata uwa daga Kafanchan.

AMSA: Mama, sannu da ƙoƙari. Ki kwantar da hankalinki, ki bar masa wayarsa.

Bob Hartman ne ya kafa Petra a 1972 a garin Fort Wayne, jihar Indiyana. Sunan da Helenanci yana nufin dutse, kalmar da ke cikin Matiyu 16:18. Sun ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, sau 4, kuma a 2000 aka shigar da su zauren girmama mawaƙan bishara na Amurka. John Schlitt, wanda ya zama jagoran waƙarsu a 1986, giya da hodar iblis sun kusa gamawa da shi kafin ya tuba. Waɗannan su ne mutanen da ɗanki ke saurare.

Maganar juya waƙa baya kuwa, ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk mako sai wani ya kawo mini ita, a tsorace. Tsohuwar jita-jita ce da ta cika Amurka wajen 1982, aka yi ta tara faya-faye ana ƙonawa, yanzu kuma an shafa mata mai an zuba a waya. Ki lura da dabarar masu bidiyon: kafin sautin ya fito, sai sun rubuta miki kalmar da suke so ki ji. Kunne kuwa abin da aka faɗa masa yake nema. Ki rufe allon ki saurara, gunaguni kawai za ki ji. A 1985 masana biyu a Kanada, John Vokey da Don Read, sun gwada wannan, suka ga mutane ba sa gane ma'anar maganar da aka juya, ba ta kuma canza halinsu.

Petra da kansu sun gaji da zargin. A faifansu na 1982, More Power to Ya, da gangan suka sa magana a juye kafin wata waƙa. Wanda ya sha wahala ya juya ta, abin da zai ji shi ne tambaya: me ya sa kake neman Shaiɗan, alhali Ubangiji ya kamata ka nema?

Wasu kuma su ce ai bugun gangar ne ke kiran aljanu, wai daga Afirka aka ɗauko shi. Wannan ta fi ƙona mini rai, domin raini ne gare mu. Ranar Lahadi, da me Zumuntar Mata ke yabo in ba ganga da tulu da kacau-kacau ba? Zabura 150 ta ce a yabe shi da kuge masu ƙara.

Na san yaron da aka fasa wa waya a gaban jama'a, aka durƙusar da shi ana cire masa aljanin da babu shi. Tun ranar bai sake taka ƙofar coci ba. Masu yaɗa bidiyon ba su san an yi ba, uwarsa ce ke kuka har yau.

Daren nan ki zauna kusa da ɗanki, ki ce ya kunna miki wadda ya fi so, ya fassara miki baiti-baiti, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku nemo ayar tare. Ki kuma ce ya rage ƙarar kiɗan, domin ita tana lalata ji.