Amsa ga Mamana kan rigar yaye ɗalibai

Assalamu alaikum, Mamana.

Saƙonki ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar. Kafin komai, barka da kammala karatu. Allah ya sa albarka, ya sa ki amfana da shi, a kuma amfana da ke. Kin ce an ba ku kayan bikin yaye ɗalibai: doguwar riga mai faɗin hannu, da wani ƙyalle da ake ratayawa a baya, da hula mai faifai a sama da tuntu. Kin ce wata ƙawarki ta rantse kayan limaman coci ne, ita ba za ta sa ba. Kina so ki san ko gaskiya ta faɗa, da inda al'adar ta samo asali, da irin littafin da za ki karanta a kan Turai ta wancan zamani. Na bar saƙon ya kwana biyu, don tambaya irin wannan ba a amsa ta a tsaitsaye.

Ƙawarki tana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ta kama jelar zancen ne ta bar kansa.

Zamanin da ake magana shi ne wanda Turawa ke kira zamanin tsakiya, daga 476, shekarar da aka tuɓe sarki na ƙarshe na daular Rum ta yamma, zuwa wajen 1500. Bayan rushewar daular, karatu da rubutu a yammacin Turai sun koma hannun coci kusan gaba ɗaya. 'Yan zuhudu ne ke kwafar littattafai a kan fata, makarantun da ke jikin manyan majami'u ne ke koyar da Latin. Har manyan sarakuna da yawa ba sa iya rubutu. Saboda haka a wancan lokaci kalma ɗaya ce ake kiran malamin coci da mai iya rubutu da ita, kuma daga cikinta ne kalmar Turanci ta akawu ta fito.

A ƙarni na 11 da na 12 garuruwa suka bunƙasa, kasuwanci ya buɗe, sarakuna da attajirai suka shiga neman masana shari'a da magatakarda. Samari suka riƙa barin garuruwansu suna bin malamin da ya yi suna. A Bolonya ta Italiya aka taru a kan dokokin Rum, kuma 1088 ake ƙirgawa a matsayin farkon jami'arta. A Paris aka taru a kan mantiƙi da ilimin addininsu. Okusfod ta cika bayan 1167, lokacin da Sarki Henri na Biyu ya hana ɗaliban Ingila zuwa Paris.

Ki lura da abu ɗaya, don shi ne mabuɗin duk maganar. Kalmar universitas, wadda ta zama sunan jami'a, ma'anarta a lokacin ƙungiya ce kawai, irin ta 'yan sana'a ɗaya. Maƙera suna da tasu, masaƙa suna da tasu, kamar yadda muke da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da jama'arsu. Masu karatu ma suka haɗa kai don kada masu gidajen haya da hukumar gari su cuce su, tunda baƙi ne. A Bolonya ɗalibai ne ke riƙe da ƙungiyar. Su ke biyan malami, su ci shi tara idan ya makara ko ya tsallake babi mai wuya, kuma ba ya barin gari sai da izininsu. A Paris kuwa malamai ne ke da iko. Da farko ba su da ginin kansu. A Paris akwai titin da har yau sunansa Titin Ciyawa, saboda a kan busasshiyar ciyawa ɗalibai ke zama a ƙasa suna sauraron darasi. Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna zaurukan da muka yi karatu a cikinsu, kowa da buzunsa.

To, rigar fa? Doguwar riga mai ƙoƙuwa, irin ƙoƙuwar alkyabba, tufar kowa da kowa ce a Turai ta ƙarni na 12 da na 13. Ƙasar sanyi ce, gilashin taga tsada gare shi, ɗakunan karatu kuma ba wuta. Mutum zai zauna tun asuba a ɗakin dutse cikin hunturu, dole ya lulluɓe jiki ya rufe kai. Wannan ƙyallen da za ki rataya a baya ƙoƙuwar ce, da can jawo ta ake yi a rufe kai da kunnuwa. Amfaninta ya tafi, siffarta ta tsaya.

Inda coci ya shigo shi ne nan. A Paris da Okusfod doka ta ɗauki ɗalibai da malamansu a matsayin ƙananan ma'aikatan coci, ko da mutum bai da niyyar zama limami. Ana yi musu askin tsakiyar kai, kuma idan sun yi laifi kotun coci ke hukunta su, alƙalin gari ba ya taɓa su. Wanda ya ci wannan gata dole ya sa tufar da za a gane shi da ita. A 1215 wakilin Fafaroma, Roba na Kurson, ya tsara wa jami'ar Paris dokoki. A ciki ya ce malami ya sa baƙar riga mai kaiwa dugadugai, kuma kada ya fara koyarwa sai ya kai shekara 21, bayan ya yi aƙalla shekara 6 yana karatu. Mai koyar da ilimin addini kuwa sai ya kai 35. A 1222 taron shugabannin cocin Ingila a Okusfod ya wajabta wa limamai doguwar riga rufaffiya, malaman jami'a suka bi sahu. Daga tsakiyar ƙarni na 14 yayi ya sauya, samarin Turai suka koma gajerun riguna matsattsu, amma malamai da alƙalai suka riƙe doguwar. Haka ta tashi daga tufar kowa ta zama alamar masu ilimi. Hular mai kusurwa huɗu ta zo daga baya, wajen ƙarni na 16, kuma dangi ɗaya ce da hular limamansu. Wannan ma gaskiya ne. Abin da nake so ki bambance shi ne, kayan da limami ke sawa lokacin ibada a gaban bagadi daban suke, da sunayensu da addu'o'insu. Wannan rigar tufar aji da titi ce.

Gatan nan na ɗalibai ya sha jawo jini. A 1209 aka kashe wata mata a Okusfod, mutanen gari suka rataye wasu ɗalibai, sauran suka watse, wasu suka sauka a Kambirij, daga nan jami'arta ta samu. A 1229 rigima a kan kuɗin abin sha ta sa dakarun gari suka kashe ɗalibai a Paris, malamai suka rufe karatu shekara biyu, sai da Fafaroma ya sa baki a 1231. A watan Fabrairu na 1355 aka yi mafi muni a Okusfod, ɗalibai sama da 60 suka mutu. Yajin aikin jami'a da ya cinye miki watanni, Mamana, tsohon makami ne. Ƙungiyar da ba ta da gini ba ta da abin tsoratarwa sai ta ce za ta tattara ta bar gari.

Sunayen digirin ma daga tsarin sana'a suka fito. Yaro yakan shiga yana ɗan shekara 14 ko 15, ya yi nahawu da balaga da mantiƙi, sannan lissafi da handasa da ilimin sauti da na taurari. Fanni bakwai ke nan, duk da Latin. Wanda ya kai matakin farko kamar yaron shago ne da ya iya aiki amma ba a yaye shi ba, yana koyo yana taya koyarwa. Mastas asalinta malami, wanda aka yaye ya buɗe nasa aji. Dakta kuwa daga kalmar Latin ta koyarwa take, ba ta da alaƙa da allura ko asibiti a farko. Takardar da ake bayarwa izinin koyarwa ce. A Bolonya ranar yaye dakta ana miƙa masa littafi, a sa masa zobe, a ɗora masa hula, ya hau kujera ya yi darasinsa na farko a gaban malamansa. Bayan nan sai walima daga aljihunsa, wadda ta yi tsadar da sai da coci ya kafa mata iyaka a farkon ƙarni na 14.

Na san kin riga ni tunawa da ijaza, izinin da malamanmu ke ba ɗalibi ya karantar da abin da ya karanta. Wani masani, Joj Makdisi, ya yi dogon bincike yana cewa izinin koyarwa na Turai ya yi kama da ijazar makarantun Musulmi ƙwarai, har yana ganin an ɗauko ne. Wasu masana ba su yarda ba, suna cewa ijaza daga malami ɗaya take zuwa ga ɗalibinsa, digiri kuwa ƙungiya ce ke bayarwa. Ni ina ganin wannan bambancin yana da ƙarfi. Abin da ba gardama a kansa shi ne littattafan. Bayan Kiristoci sun karɓi birnin Toledo na Andalus daga hannun Musulmi a 1085, aka zauna ana juya littattafan Larabci zuwa Latin. Jerad na Kiremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara sama da 70, har da Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka yi ta koyar da likitoci da shi a Turai har ƙarni na 17. Aljabarar Alkhawarizmi ta shiga Latin a 1145. Ibn Rushd na Ƙurɗuba kuwa, malaman Paris ba sa ma kiran sunansa, Mai Sharhi kawai suke cewa, saboda sharhinsa a kan littattafan Aristo, masanin falsafa na Girka. Waɗancan masu baƙaƙen riguna da ke rawar ɗari a kan ciyawa, wani babban kaso na abin da suke haddacewa daga hannun malamanmu ya fito. Shekara da shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, kuma wannan darasin ne ban taɓa gajiya da shi ba.

Akwai abin da ya shafe ki ke musamman. Duk tsawon wancan zamani rigar ta maza ce. Macen farko da aka tabbatar ta karɓi digirin dakta ita ce Elena Kornaro, a Paduwa, a 1678. Okusfod ba ta ba mata digiri ba sai 1920, Kambirij sai 1948. A wannan shekarar ta 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma ta wannan hanya ta Ingila rigar ta shigo mana, ta iso Zariya a 1962. Kakarki da kika ci sunanta an haife ta tun Kambirij ba ta yarda mace ta sa wannan riga ba.

Hukuncin halal da haram ba fagena ba ne, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, ki kuma ba shi tarihin daidai yadda yake, kada a rage kada a ƙara. Amma kin tambayi ra'ayina, ga shi. Ni na sa ta a Zariya, mahaifinmu yana cikin taro da rawaninsa, ya dube ni ya ce alkyabbar Turawa ce. Yau Musulmi a Alƙahira da Jakarta suna sawa, Hindu da wanda ba ya addini suna sawa, babu mai nufin ibada da ita. Ƙawarki kuma kada ki yi mata dariya ko ki matsa mata. Tsoron Allah ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma rashin rigar ba ya rage mata digiri.

Batun littafi, akwai su da yawa da aka rubuta don wanda ba tarihi ya karanta ba. Idan kin ɗauki ɗaya, ki fara duba bayansa inda aka jera sunaye. In ba ki ga Ƙustanɗiniya da Andalus da Sisiliya ba, ki san marubucin ya ɗauki Ingila da Faransa ne ya kira su Turai. Ki yi hattara da wanda ya kira shekara dubu zamanin duhu ya wuce. Mutanen da suka zo bayansu ne suka laƙaba musu sunan don su ɗaga kansu, alhali a cikin shekarun nan aka ƙirƙiro tabarau da agogon ƙarfe, aka gina majami'un da har yau injiniyoyi ke nazarinsu. Haka kuma ki guji wanda ya cika shafuka da jarumai a kan dawaki da gimbiyoyi, ya manta cewa mafi yawan mutane manoma ne, da yawansu ba sa iya barin gonar ubangidansu sai da izini, kuma annobar 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar. Littafin kirki zai gaya miki abin da manomi ke ci, da wanda ke karɓar haraji, da yadda ake aure a gari. Idan ya zo kan yaƙin 'yan Salibiyya, ki duba ko ya kawo abin da marubutan Larabawa suka rubuta. Ina da guda biyu a akwatin ɗakin zaure, ɗaya bangonsa ya fita amma shafukan sun cika, zan taho miki da su.

Ki sanar da ni ranar bikin da wuri don in nemi wanda zai tuƙo ni. Hular tana zama a kan hijabi in an sa mata fil biyu, haka na ga 'yar maƙwabcinmu ta yi bara. Ki gaida mahaifiyarki da kyau, ki ce mata ina nan tafe da zumar da na yi mata alkawari.

Baffanki.