Mai ciki za ta iya cin wara?

'Yar'uwa, kin ce kin ci wara, wato cuku mai laushi na madarar shanu, kina da cikin wata biyar, hankalinki ya tashi. Kwantar da shi. Abin tsoron ƙwayar cuta ce da ake kira Listeria, wadda kan zauna cikin ɗanyar madara da cuku mai laushi, tana iya zubar da ciki. Zafin wuta na kashe ta, amma firij ba ya hana ta yaɗuwa, nan mutane ke ruɗuwa. Ki soya wara ta yi zafi har ciki, ki ci nan take. Nonon da ba a tafasa madararsa ba kuwa, ki haƙura har ki sauka.

In zazzaɓi ko ciwon jiki ya zo, ko bayan makonni ne, kada ki ce maleriya ce kawai. Je asibiti, ki faɗa wa likita abin da kika ci.