Tambayi likita: masu jan waya da wutar lantarki

Tambaya: Likita, ina aikin saka waya a gidaje nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Shekaranjiya wuta ta ja ni ta yar. Na tashi garau, sai ɗan baƙin tabo a tafin hannu. Abokai sun ba ni madara. Ya wadatar?

Amsa: Sannu ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Madara abinci ce, ba abin da take cirewa, don wuta ba ta kwana a jiki. Ɓarnar da ta yi sa'ad da take wucewa ita ce abin tsoro. Tabon nan ƙofar shigarta ce kawai, a ciki tana iya ƙona nama fata ba ta nuna ba. Wutar gida volt 220 ce, kuma in ta ratsa ƙirji takan rikita bugun zuciya. Ka je asibiti yau a auna zuciyarka, a duba hannun. In fitsarinka ya koma launin shayi, naman da ya ƙone ne ke neman lalata ƙoda, kada ka jira gari ya waye.

Tambaya: Ɗana yana koyon aikin. Maigidansa kan tura shi sama da zarar an ɗauke wuta, wai ba haɗari.

Amsa: Hajiya, wannan magana ta fi ba ni haushi. Kamfanin wutar lantarki na NIGELEC ba ya sallama in zai maido wuta. Ga janareto da aka haɗa ba daidai ba, ga faranti mai aiki da rana, duk suna iya turo wuta cikin waya ana tsammanin ta mutu. A kashe daga babban makunni, a gwada wayar da abin gwaji, a tsayar da mutum a wurin kada wani ya kunna. A zafin Afrilu kuwa, jiki sharkaf da gumi, wuta ta fi saurin shiga. Tsanin ƙarfe kuma a bar shi.

Tambaya: In wuta ta riƙe abokin aiki, me zan fara yi?

Amsa: Kada hannunka ya taɓa shi, Malam. Kashe wutar, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda in ta gida ce. Ta babban layi kuwa ko kusa kada ka je. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In ba ya numfashi, danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti har su iso.