Sabuwa mai rauni ko ta hannu mai ƙarfi: wace kwamfuta ɗan kasuwa zai saya?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kaya a sari ya aiko da tambaya. Ya ce littafin bashi da na shigar kaya sun fara fin ƙarfinsa, yana son kwamfutar tafi-da-gidanka mai sauƙin kuɗi don yin lissafi a Excel, buga rasit, duba imel da amsa saƙon abokan ciniki. An nuna masa guda uku. Ta farko sabuwa ce fil a kwali, da garantin shekara ɗaya: injinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Celeron N4020, RAM 4GB, ma'adanar eMMC 64GB. Ta biyu ta hannu ce, Core i5-8350U, RAM 8GB, ma'adana mai sauri ta SSD 256GB, ta fi ta farko tsada da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ta uku ma ta hannu ce, an rubuta mata Core i7, da faifan HDD 500GB, kuma ita ce mafi araha. Mai sayarwa ya ce zai iya ba shi sabuwar ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. In ba haka ba sai ya ciro kuɗin daga jari. Wacce zai ɗauka?

Malam, ta biyun za ka ɗauka, matuƙar ta tsallake gwajin da zan faɗa maka. Kuma kada ka ciro kuɗinta daga jari.

Bari mu fara sallamar ta ukun, don ita ce ta fi yaudara. Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna komai, sai ka dubi lambar da ke biye da shi. A tsarin Intel, kamfanin da ke ƙera waɗannan injinan, farkon lambar shi ne zubin da aka yi injin a cikinsa: i7-4600U zubi na 4 ne, na shekarar 2013, i5-8350U zubi na 8, i5-1135G7 kuma zubi na 11. Wancan tsohon i7 ɗin ƙwayoyin aiki biyu gare shi, wannan i5 ɗin na zubi na 8 yana da huɗu. Ka ga ƙanin ya fi yayan ƙarfi. Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ban da wani ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, ba ta karɓar injin Intel da bai kai zubi na 8 ba, kuma tana buƙatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara sun san hanyar tura ta da ƙarfi a kan tsohuwar kwamfuta, za ka ganta tana aiki lafiya a shago, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata da gyare-gyaren tsaro ba. Na'urar da za ka riƙa shiga asusun banki da ita ba wurin wannan kasada ba ne. Ga kuma HDD, faifai ne mai juyawa, yana da jinkiri, kuma faɗuwa ɗaya tana iya tafiya da duk abin da ke ciki. Araha ba ta ado. Ka bar ta.

Ainihin gardamar tana tsakanin sabuwar da ta hannun, kuma na fahimci abin da yake jan ka zuwa sabuwar: ba wanda ya taɓa ta, batirinta sabo, ga garanti. Duk waɗannan gaskiya ne. Matsalarta tana cikin ciki.

Ka ɗauki RAM a matsayin teburin da kake baje kaya a gaban mai saye, ma'adana kuma ita ce siton da ke baya. Teburi mai 4GB, Windows 11 kanta za ta mamaye mafi yawansa tun kafin ka buɗe komai, don 4GB ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da ta yarda ta zauna a kai. Ka buɗe Excel, ka buɗe shafin banki, ka buɗe WhatsApp a burauza, sai kwamfuta ta fara kai-kawo tsakanin teburi da sito, kai kuma kana kallon allo mai saye yana tsaye. Siton ma 64GB ne, shi ma mafi ƙarancin da Windows 11 ke nema, kuma eMMC ɗan uwan katin ajiyar waya ne, bai kai SSD sauri ba. Bayan 'yan watanni sabuntawar Windows za ta fara kukan babu wuri. Abin da ya fi ciwo, a yawancin irin waɗannan kwamfutoci an like RAM ɗin da ma'adanar a jikin allon injin, ba a ciro su a sa manya. Yadda ka saye ta haka za ta mutu. Garanti yana rufe abin da ya lalace, ba ya rufe jinkiri, don a wurin kamfani jinkirin ba lalacewa ba ne, haka aka ƙera ta.

Ita kuwa i5-8350U, an fi samun ta a kwamfutocin da aka yi wa manyan ofisoshi a 2018, irin su Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5. Kamfanoni suna sayen su da yawa, su yi aiki da su 'yan shekaru, su sauya, shi ya sa suka cika kasuwar kayan hannu. Jikinsu ya fi ƙwari, madannansu sun fi daɗin bugu, ana buɗe su a ƙara RAM ko a sauya SSD da batir, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu saboda yawansu. Ba na cewa sababbi ne. Shekarunsu sun ja, kuma zubi na 8 shi ne matakin ƙarshe daga ƙasa da Windows 11 ta karɓa. In ka ga mai zubi na 10 ko na 11 da ɗan ƙari kaɗan, ka ƙara. In injinta na kamfanin AMD ne ba na Intel ba, ka nemi Ryzen mai lambar 3000 zuwa sama.

Yanzu lissafin da kai ka fi ni iyawa. Kada ka dubi kuɗin saye, ka dubi kuɗin kowace shekarar aiki. A ce sabuwar kuɗinta 100 ne, ta hannun 125, ka ƙara mata 15 na sabon batir, ta zama 140. In sabuwar ta gundure ka bayan shekara biyu, ta ci maka 50 a shekara. In ta hannun ta kai ka shekara huɗu, 35 ke nan. Waɗannan lambobin misali ne kawai, ka sa naka ka gani. Kuma ban saka lokacin da ake ɓatawa ana jiran shafi ya buɗe ba, wanda ba ya fitowa a littafi amma yana fitowa a aljihu. Ranar sayarwa ma, mai 8GB da SSD tana samun mai so, mai 4GB da eMMC sai dai ka ba yara.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar ilimin kwamfuta, yana buƙatar haƙuri da rashin jin kunya. Kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. Ka shiga Settings, System, About, ka karanta sunan injin da yawan RAM da idonka. Don batir, a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, ba dalilin fasawa ba ne, dalilin neman ragi ne daidai kuɗin sabon batir. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli, ka soka filash a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika da intanet. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa ka ji ko maɗaurinsa yana ƙara ko yana lilo. Allon ya zama 1920 sau 1080 in da hali, don mai 1366 sau 768 layuka kaɗan yake nunawa a Excel, kuma kai a nan za ka wuni.

Abu biyu ne idan ka gan su ka ajiye kwamfutar ka tafi, komai kyanta. Na farko kalmar sirri wadda mai sayarwa bai sani ba a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Na biyu, a sake saita Windows daga farko tana haɗe da intanet, sai ta fito da sunan wani kamfani tana neman a shiga da asusun ma'aikacinsa. Wannan na nufin har yanzu tana cikin rajistar masu ita na farko, kuma ba kai za ka iya cire ta ba. Ka kuma nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, da rubutaccen wa'adin mayarwa ko da na 'yan makonni ne. Wanda ya ƙi rubutawa, ka ƙi saye.

In har ba ka da wanda zai raka ka, kuma kai ba za ka iya wannan gwajin ba, to ka sayi sabuwa, amma ba wannan ba. Ka jinkirta ka tara, ka nemi mai RAM 8GB da SSD 256GB, da Core i3 ko Ryzen 3, ko a ƙalla injin Intel N100. Tun 2023 Intel ta daina sa sunan Celeron da Pentium a sababbin injinan kwamfutar tafi-da-gidanka, don haka wadda aka nuna maka sabuwa ce a kwali kawai, injinta tun 2019 ya fito. Za a iya yi maka tallar Chromebook ma, wato kwamfutar da ke aiki da tsarin Google maimakon Windows. Tana da sauƙi da tsaro, amma ba ta ɗaukar manhajojin Windows, kuma yawancin aikinta ya fi tafiya da intanet. In akwai wata manhajar lissafi ko injin buga rasit da kake son haɗawa, ka tabbatar tana karɓarsu kafin ka ko taya.

Saura inda kuɗin zai fito. Jarinka yana juyawa, kwamfuta ba ta juyawa. Duk abin da ka ciro daga kaya ka sa a na'ura, ka rasa ribar da zai kawo a kowane zagaye har ranar da ka mayar da shi. Littafin da ka yi shekaru da shi zai iya ƙara riƙe ka wata biyu ko uku, ka riƙa ware wani abu daga riba har ya isa, tare da ɗan rara na batir, linzami da filash ɗin da za ka riƙa kwafe lissafinka a kai duk mako. Wannan kwafin kada ka raina shi, don sunayen masu bashi sun fi kwamfutar daraja.

Biyan kaɗan-kaɗan kuwa, ka tambayi farashi biyu: na kuɗi hannu, da jimillar abin da za ka biya zuwa ƙarshe. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne kuɗin bashin, ko da an ce maka babu ruwa. Ka kuma lura cewa a kan sabuwar kaɗai aka yi maka wannan tayin, wato wadda ta fi wuyar fita daga shago. In mai sayarwa ya yarda ya yi maka irin sauƙin a kan ta biyun, kuma bambancin bai kai ribar da kuɗin zai kawo maka a kaya cikin wannan lokacin ba, kana iya karɓa, amma a rubuta adadin biya da ranakunsa, ku duka biyu ku sa hannu.