Kuɗi sun ƙaru amma shago yana ramewa

Wani ɗan uwa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya turo min tambaya, ya ce a farkon 2023 jarinsa miliyan 8 ne, yanzu ya kai miliyan 11, amma kantocin shagonsa sai ƙara yin fayau suke, wai ko ya tattara kuɗin ya je Wapa ya sayi dala ya ajiye ya jira ta tashi?

Ɗan uwa ajiye maganar dala tukuna. Matsalarka guda ɗaya ce, naira kake ƙirgawa ba kaya ba. Ka faɗa min miliyan nawa kake da ita amma ba ka faɗa min turmi nawa ne a shagon da ba, nawa ne yanzu, kuma wallahi na san ba ka rubuta ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Babban Banki kuma ya saki naira a watan Yuni ya bar kasuwa ta yanka mata farashi, lissafin da ka saba ya daina aiki. A lokacin dala wajen 750 take a hannun ƴan canji, miliyan 8 ɗinka ta haura dala dubu 10, miliyan 11 kuwa in ka lissafa dala a kan naira 1,500, dala dubu 7 da ɗoriya ce. Kuma mafi yawan atamfar Kwari daga China ake shigo da ita, da dala ake biya. To ina ƙaruwar?

Ka saro turmi a kan naira 6,000 ka sayar 7,000 kana murna ka ci dubu, ka koma sari aka ce maka 9,000, kai fa dubu biyu ka ciro daga uwar kuɗi ka ba mai saye kyauta, sannan ka ɗebi waccan dubun da kake kira riba ka yi cefane da ita. Farashin da za ka sake sarowa shi ne farashin kayanka, ba na tsohon rasit ba.

Na san wani bawan Allah, layinmu ɗaya da shi, mutumin kirki ne, ya ce shi ba zai ƙara wa tsohon kaya kuɗi ba. Shagonsa kullum cike da mutane ana ta sa masa albarka, ƴan kasuwa ma a wajensa suke sara su kai nasu shagon. Daga dila 20 ya dawo yana sarin dila 5, yanzu dillanci yake a bakin layi. Har yau in na wuce na gan shi abin yana taɓa min zuciya.

Dalar kuma, tambayi waɗanda suka saya kusan 1,900 a Fabrairun 2024, zuwa Afrilu ta faɗo wajen 1,100. Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024 don ya janye naira daga hannun mutane ya kwantar da tsadar kaya, kai ba ka san ranar da za su juya ba, atamfa ka sani.

Yau bayan la'asar ka ja ƙofar shago, kai da yaronka ku ƙirga kaya turmi turmi ka rubuta a littafi, har bashin da ke waje ka rubuta shi da yawan turmi ba da naira ba. Kowace safiya kafin ka yanka wa kowa farashi ka kira wanda kake sari a wajensa. Ƙarshen wata ka sake ƙirgawa ka turo min adadin.