Horo kaɗai ba zai gyara aikin jinya ba

Malama, kin tambaya ko ƙarin horo ne maganin kurakuran da ma'aikatan jinya ke yi a asibiti. Horo na da amfani, amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Ki fara duba yawan majinyatan da aka ɗora wa nas guda.

Binciken da masaniyar aikin jinya Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002, kan asibitocin jihar Pennsylvania ta Amurka, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Jihar Kalifoniya ma doka ta yi a kai: a sashen kulawa ta musamman, inda ake kwantar da masu matsanancin ciwo, nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyu.

Ki ƙaddara dare ne, nas ita kaɗai a ɗakin majinyata. Ƙarin ruwan wannan ya ƙare, wancan numfashinsa ya canza, lokacin allurar wani ya yi. Komai iliminta, dole wani ya jira.

Sai kuma lokacin miƙa aiki. A bar mai tashi da mai karɓa su tsaya a bakin gado su bi bayanin kowa a natse. Idan kuma nas ta kawo rahoton kuskurenta, kada a fara da tsawa ko takardar gargaɗi, domin gobe za ta ɓoye. A bincika ko kwalaben magungunan ne suka yi kama da juna.